Ƙwaron Tsakar Rana

A bayan Kware, inda tudu ke gangarawa fadama,
akwai fili da gamba ta riƙe,
ba gonar kowa ba ce.
Nomau ke yankan ta, yana saƙa zana.

Can na fara ganinsa,
ƙarshen marka, rana ta take tsaka,
sa'ar da ko ƙadangare ya nemi inuwa.
Danginsa sai dare ya yi
su zo su kewaye fitila, su ƙone a banza.
Shi kuwa sai ƙasa ta ɗau zafi,
iska ta kwanta,
sannan ya tashi.

Namijin launin busasshen ganye,
shawaginsa bai wuce gwiwata ba,
ya je, ya karkace, ya komo,
kamar mai neman kwabon da ya faɗi a kasuwa.
Macen ba ta son tashi.
Ta sami sarari tsakanin gindin ciyawa biyu,
ta ɗage mayafi kaɗan,
sai ga zanen ciki, ruwan ɗorawa,
ta haska shi, ta rufe.
Iyakar kiranta ke nan.

Na kife ɗaya da hulata.
Na sa shi a gwangwanin madara,
na huda murfin da ƙusa,
na jiƙa auduga da ruwan sukari,
sukarin ma sato shi na yi.
Kwana biyu bai kusanci audugar ba,
na ukun na tarar ya sandare,
garin fiffikensa ya shafe ƙarfen.

Nomau bai ɗago daga saƙarsa ba.
Ya ce, "Yaro, wanga ba shi da baki.
Abin da za ya ci duniya
ya canye shi tun ƙarƙashin ƙasa."

Ya ja fartanya, ya ɗaga gindin gamba,
ga tsutsa fara, mai jan kai,
ta naɗe a saiwa kamar yatsan jariri.
"Damana biyu tana nan, wata ukku,
tana gurgura cikin duhu,
shanu su wuce bisa kanta,
wutar daji ta wuce bisa kanta,
ita dai tana tara guzuri."
Ya mai da gindin, ya danna da diddige,
kamar mai rufe ƙofar ɗakin da ake barci.

Daga baya na koyi ganin kwanson,
rabi a ƙasa, rabi a waje,
kube ba wuƙa.
Mai shi ya fita kwana huɗu,
ba ci, ba sha,
ya nemo mace, ta cusa ƙwai a gindin ciyawa,
tsattsewa ta ɗauki wanda ta ɗauka,
sauran tururuwa ta ja.

Shekarar da aka yanka filin fulotai
ina tsaye katafila ta shiga.
Belbelu suka bi ta a baya,
farare tas, kamar 'yan rakiyar biki,
suna tsintar abin da ta juyo.
Ban ƙirga ba.
Nomau ya riga ya kwanta dama,
ba wanda zan gaya wa.

Yanzu fuloti na goma sha bakwai nawa ne.
Na yi katanga, na bar kusurwa guda
inda gamba uku suka ƙi mutuwa.
Maƙwabcina ya ce maciji nake kiwo,
matata ta ce wurin ya isa kejin kaji.

Duk ƙarshen marka, bayan azahar,
nakan fito ba hula,
in tsuguna, zufa na bin bayana.
Bara ban ga komai ba.
Bana na ga ɗaya, namiji,
yana zuwa, yana komowa,
daga bulo zuwa bulo,
ni kuma ina ta duban ƙasa
ko zan riga shi ganin ruwan ɗorawa.